Shekarar da Na Shafe Rubutun Yaya Mamman

Yanzu na iso shekarar da na ajiye aiki, kuma ita ce nake so ku karanta a natse, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Mamman. Na san abin da ake faɗa a gidajenmu. Ana cewa yayana ya rubuto mini wata magana mai nauyi, ni kuma na goge ta don fushi, shi ya sa ya yi wata bakwai bai ɗauki wayata ba. Ba zan musa rabin maganar ba, domin da yatsana aka goge ta. Amma yadda abin ya faru daban ne, kuma tun da shi ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da zan faɗa.

Kun san sana'ata buga tafireta ce. Sama da shekara talatin na yi ina bugawa a wani ofis a Birnin Kebbi. Abin da nake so game da tafireta shi ne ba ta ɓoye komai. Ki danna harafi, ki ga ƙarfe ya tashi ya bugi takarda, ki ga kabon ya kai shi takarda ta biyu, ki zare, ki huda, ki sa a fayil, ki kulle a kabad. Da aka kawo mana kwamfuta, abokan aikina sun koyi inda ake dannawa, suka tsaya nan. Ni kuwa tambaya ɗaya ta hana ni sakat: in na danna maɓallin ajiyewa, ina rubutun yake zuwa? Daga baya ma abin ya ƙara ɗaure mini kai, da aka fara ba mu shafi a intanet mu cika. Sai in rubuta a cikin wani akwati fari, in danna, wani ma'aikaci a Sakkwato ya buga waya ya ce ya gani. Na taɓa leƙa bayan kwamfutar, na bi igiyarta da ido har bango, ban ga abin da zai gamsar da ni ba.

Wadda ta amsa mini ita ce Malama Saratu, mai kula da kwamfutocin ofis. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, daga Ambursa take zuwa kullum a kan kabu-kabu, ba ta da yawan magana. Ranar da na tambaye ta, sai ta gaya mini cewa a duk ofishin ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

"Hajiya Kulu," in ji ta, "abin da kike gani gabanki kwafi ne. Na ainihi shina can cikin saba."

Ta bayyana mini cewa saba wata kwamfuta ce da ba a kashewa, tana zaune a wata ƙasa mai nisa, aikinta ajiya. In kin buɗe shafi, sai ta kwafo abin da ke cikin fayil ta aiko miki. Ki yi rubutunki a kan kwafin. In kin danna maɓalli, kwafin ya koma gare ta, ta rubuta shi cikin fayil. Na ce to wa ya gaya mata ta yi hakan? Ta ce mutum ne yake rubuta mata umarni, layi bayan layi, ita kuma ta bi ba ƙari ba ragi. Na ce ko ni zan iya rubuta umarnin? Ta ce wanda ya yi shekara talatin yana bugawa ba kuskure, ai ya riga ya yi rabin tafiya.

A watan da na ajiye aiki Inna ta rasu a Argungu. Ranar sadakar arba'in muna zaune mu huɗu, ni da Yaya Mamman da ƙannenmu biyu, sai gardama ta tashi a kan wace shekara Baba ya daina kamun kifi da homa ya koma noman shinkafa. Kowa da nasa. Na ga in muka tafi a haka, ku ba za ku sami komai ba. Na ce to kowa ya rubuta abin da ya tuna game da Inna da Baba, a wuri ɗaya, inda kowa zai iya buɗewa daga wayarsa. Malama Saratu ta gaya mini akwai shiryayyun abubuwa da aka riga aka yi don irin wannan, ba sai na sha wahala ba. Na ƙi. Na ce ni da hannuna nake so in gina, in ga cikinsa. Wannan ƙin da na yi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, kuma ba na ɗora wa kowa.

Ta ba ni wani ɗan lungu a cikin sabar da take amfani da ita don ayyukanta, ta riƙa zuwa gidana ranar Asabar da hantsi. Wata uku na yi ina koyo. Abin da na gina ba wani abin a zo a gani ba ne: shafi ɗaya, akwati ɗaya na rubutu, maɓalli ɗaya kore a ƙasa. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. A ƙarƙashin akwatin na sa wani layi da zai riƙa nuna sunan wanda ya ajiye na ƙarshe, don ina ganin ado ne. Farkon gwaji, duk haruffanmu masu lanƙwasa suka koma alamar tambaya, na yi kwana biyu ina nema kafin na gane layi ɗaya ne ya ɓace, wanda zai gaya wa sabar irin haruffan da ake aiko mata. Ranar da komai ya daidaita, na rubuta bisimilla a cikin akwatin, na danna, na kashe kwamfutar gaba ɗaya, na saka mayafi na shiga gidan maƙwabciyata na ari wayarta. Na buɗe shafin. Ga bisimillata nan tana jirana. Na tsaya a tsakar gidan mutane ina dariya ni kaɗai, tana tambayata ko lafiya.

Ƙannena suka fara rubutu nan da nan. Yaya Mamman shiru. Shi ne babbanmu, ya girme ni da shekara uku. Yana aji shida Baba ya cire shi daga makaranta don ya taya shi aikin gulbi, saboda haka karatun boko nasa na firamare ne, kuma da yatsa ɗaya yake danna waya, yana matso da ita kusa da ido. Na nuna masa yadda ake yi, ya ce ya ji, in ya sami sarari zai gwada.

Wata Laraba da safe na buɗe shafin a kwamfutata ina karanta abin da ƙanwarmu ta rubuta. Ta so ta ce Inna mace ce mai son baƙi, amma ta manta lanƙwasar, sai ya zama mai son baki. Na yi murmushi, na ce bari in gyara. Ban kai ga gyarawa ba aka yi sallama, aka ce an yi rasuwa a unguwa. Na bar kwamfutar a buɗe na tafi. Sai bayan azahar na dawo. Na sami shafin yadda na bar shi, na sa lanƙwasar, na danna maɓallin kore, ya ce mini an ajiye. Na shiga kicin.

Daga wannan makon Yaya Mamman ya daina ɗaukar wayata. Da farko na ce sabis ne, daga baya na ce aikin fadama ne ya sha masa kai, don lokacin dashen shinkafa ne. Na aika masa da sukari da dabino da azumi, aka karɓa, ba a ce komai ba. Da ƙaramar Salla na je Argungu, ina shiga ta zaure yana fita ta ƙofar baya. Da aka yi sunan jikansa na fari, a bakin mutane na ji. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna muku a lokacin. Na bincika kaina ta kowace fuska, ko wata magana na faɗa wajen rabon kayan Inna, ban sami komai ba.

Matarsa, Hajiya Ige, ita ce ta gaji da abin. Ta zo asibiti a Birnin Kebbi ganin likitan ido, ta biyo ta gidana. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma, ta ce ita ba ta san abin da ke tsakaninmu ba, kuma ya hana ta tambaya. Abin da ta sani kawai, wata safiya ya idar da sallar asuba ya zauna a gindin darbejiya da wayarsa, bai je gona ba, bai karya ba, yana dannawa yana gogewa har rana ta take. Da ya gama ya ce mata ya sauke wani kaya da ya daɗe a kansa. Washegari ya buɗe don ya ga ko na amsa.

"Yat tarar babu ko harafi guda," in ji ta. "Kuma ga sunanki nan ƙasa, ke kinka taɓa shi ƙarshe."

Na rantse mata ban taɓa ganin rubutunsa ba. Ta ce ta yarda da ni, amma shi ba zai yarda ba, don ya ga shafin ya ce masa an ajiye, da idonsa. In faɗa muku gaskiya, bayan tafiyarta abu biyu ne suka cika mini zuciya, kuma ban san wanne ya fi ƙarfi ba. Ɗaya, me yayana ya rubuta da har ya kai haka? Na biyu, ta yaya abin da aka ajiye zai ɓace, alhali ba wanda ya goge shi?

Malama Saratu ta buɗe mini wani fayil da ban san da shi ba, inda sabar take rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da lokacin da ya zo. Muka koma baya wata bakwai, muka sami Larabar. Ga shi nan: gab da azahar, Mamman ya aiko da rubutu mai yawa. Bayan kamar awa ɗaya da rabi, Kulu ta aiko da nata, kuma nawa bai kai nasa yawa ba. Wannan fayil ɗin yawan haruffa kawai yake riƙewa, ba ya riƙe maganar. Na tambaye ta ko akwai wani kwafi a wani wuri. Ta ce sabar tana riƙe na mako biyu ne kawai, ya daɗe da wucewa. Ina ganin ta riga ta gane abin da ya faru, amma ba ta faɗa ba. Ta ce in ɗauki wayata da kwamfutata, in buɗe shafin a duka biyun, in yi wasa da su in gani.

Na shimfiɗa tabarma a barandata na ajiye su gefe da gefe. Na buɗe shafin a kwamfuta na bar shi. A waya na rubuta sunana, na ajiye. Na dubi kwamfutar: sunan bai fito ba, tana nan da tsohon kwafinta, ba ta san an yi wani abu ba. Na ƙara ɗigo ɗaya a cikinta, na danna maɓallin kore. Na sake buɗewa a waya. Sunana ya tafi. Na maimaita sau biyar, sau biyar yana tafiya. Sai na buɗe umarnin da na rubuta da hannuna, na karanta shi a hankali kamar wasiƙar wani. Abin da na gaya wa sabar shi ne, duk abin da aka aiko miki, ki zubar da na cikin fayil ki zuba wannan. Ban ce mata ta duba ko wani ya riga ya taɓa shi ba. Ban ce ta riƙe tsohon ba. Ta yi abin da na ce. Kwafin da na buɗe da safe, tun kafin Yaya ya ajiye nasa, shi na mayar mata da rana, da lanƙwasa ɗaya a kai.

Kwana uku na yi ina gyara. Na sa ta riƙa ajiye tsohon fayil gefe kafin ta rubuta sabo, na kuma sa in wani ya riga ka ajiyewa ta tsayar da kai ta gaya maka. Amma na bar tsohon shafin da lahaninsa a wani lungu, don ina da aiki da shi. Ranar Juma'a da safe na shiga mota zuwa Argungu, ban sanar da kowa ba.

Na same shi a fadama, a bakin gonar albasarsa, yana zaune a kan buhu yana gyaran tiyon injin ban ruwa. Ba ƙofar baya a fadama. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na ce ban zo roƙo ba, ban zo gardama ba, abu ɗaya nake so in nuna masa, in ya gani in tafi. Na buɗe tsohon shafin a wayata na ajiye ta a kan buhu. Na ce ya buɗe a tasa ya rubuta abin da ya ga dama. Ya goge hannunsa a riga ya ciro wayar. Ya rubuta sunan Inna, ya danna, ta ce an ajiye. Na nuna masa tawa wayar, na ce ya duba da kyau, ko ya ga sunan Inna? Ya ce babu. Na ce to shi da kansa ya danna maɓallin a tawa. Ya danna. Ya koma tasa ya sake buɗewa, ya matso da ita kusa da idonsa, ya ja sama, ya ja ƙasa.

Ya ce mu sake. Muka sake. Sai ya ajiye wayar a ƙasa, ya kalli gulbi.

"Ashe ba ki karanta ba," in ji shi.

"Ban karanta ba, Yaya."

"Wata bakwai ina cewa kin karanta kin ƙi ni."

Na ce masa rubutun ya tafi, ba mai iya dawo da shi, kuma laifin nawa ne. In ya so ya bar maganar a inda ta tafi, ba zan sake tambaya ba. Na faɗi haka, amma Allah ya sani ƙarya bakina yake yi, don ji nake kamar in buɗe ƙirjinsa in karanta. Na fara tattara jakata. Sannan ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

Kun taɓa ji na ce na faɗi jarrabawar shiga kwalejin horon malamai ta mata, shi ya sa aka kai ni wajen Gwaggo a Birnin Kebbi na koyi tafireta. Haka na sani, haka na gaya wa kowa shekara arba'in da huɗu. Yaya ya ce ban faɗi ba. Takardar kirana ta zo. Hedimastan makarantarmu ya gamu da shi a hanyar kasuwa ya ba shi ya kai wa Baba. Shi kuma a lokacin shekararsa uku ke nan da barin aji, kullum yana cikin ruwa da gora, yana ganin waɗanda ya fi ƙoƙari suna wucewa da littattafai. Ya ce ya buɗe takardar ya karanta, ya sake karantawa, ya sa a aljihu, ya yi kwana biyu da ita. A wannan hutun aka yi wa hedimastan canjin wurin aiki, ba wanda ya sake bin sawun maganar.

"Nit tahi bakin gulbi," in ji shi, "nis saka ta ruwa. Ina tsaye hat tan nutse."

Ba zan ce muku na yafe nan take ba. Na ga ajin da ban shiga ba, da allon da ban riƙe ba, da yaran da ban koyar ba. Na kuma ga yaro ɗan shekara sha bakwai da jiƙaƙƙen wando, wanda ba wanda ya taɓa tambayarsa ko shi ma yana son karatu. Yafiyar ta zo daga baya, a hankali, kuma na faɗa masa ita da bakina kafin damina ta faɗi. Shi ne ma ya ce in na tashi rubuta tarihina in sa wannan, kada in rage. Amma a wannan ranar, a kan buhun nan, abin da ya fito daga bakina ni kaina ya ba ni mamaki. Takarda ce tawa, da sunana, ban taɓa ganinta ba.

"Yaya, mi anka rubuta ciki?"

Ya rufe ido. Ya faɗi cikakken sunana yadda aka buga shi, da sunan Baba, da ranar da aka ce in iso makaranta kafin la'asar. Sannan ya shiga jero kayan da aka ce in zo da su, a hankali, yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya: zanen gado biyu farare, bokiti ɗaya, fitilar ƙwai, kwano da cokali, takalmi mai igiya, tabarmar salla, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Yatsunsa na hannun dama suka ƙare, ya koma na hagu. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Da ya kai ƙarshe ya ce akwai wani layi a ƙasa da aka rubuta da jan biro, cewa ɗaliba ta zo tare da wani babba daga gidansu.

"Da ni za a aika in raka ki," in ji shi.